Abin Da Ke Hana Rumbu Tsagewa

Ƴan'uwa manoman Hamdara, kafin mu zuba hatsi, ya kamata mu duba jikin rumbunanmu.

Busasshiyar laka tana da ƙarfi, amma ba ta tanƙwaruwa. A ƙasar Damagaram zafin bazara yakan wuce digiri 40. Da rana bango ya buɗa, da dare ya tsuke. Damina ta jiƙa shi, hunturu ya busar. Wannan kai-da-komo ne ke gajiyar da laka. Tsaga mai sirantar gashi sai ta riƙa ƙaruwa sannu a hankali, har ta zama ƙofar ruwa da gara da ɓera.

Shi ya sa magina ke cuɗa laka da busasshiyar ciyawa. Idan tsaga ta taso, ciyawar takan gitta mata, ta riƙe gefenta biyu kamar ɗinki. Ba ta wucewa sai ta tsinke sili ko ta zare shi, a nan ƙarfinta ke raguwa.

Saboda haka mu daddatse ciyawa, mu tattake kwaɓin sosai, mu bar shi ya kwana. Kada ciyawar ta rinjayi laka. Tsagar da muka gani kuwa, mu yaɓe ta tun tana ƙarama. Tun ran gini, tun ran zane.