Jadawalin da Ba Kome a Cikinsa

A ɗauka ma'aikacin ƙididdiga ne a wani asibiti, kowane ƙarshen wata ana turo masa jadawalin waɗanda suka kamu da ƙyanda. Shekara ta ƙare, yana son ya haɗa jadawali goma sha biyu su zama ɗaya. Sai dai a watan Yuli ba wanda ya kamu, don haka jadawalin ya zo da kanunsa kawai: suna, shekaru, unguwa. Ƙarƙashinsu fayau.

Yaya kwamfuta za ta yi da shi?

Manhajar R, wadda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙiro a Jami'ar Auckland ta ƙasar Niyu Zilan a farkon shekarun 1990, tana da umarnin rbind mai jera jadawali ƙarƙashin jadawali. Kafin ya fara aiki, umarnin yakan ware duk jadawalin da ba shi da layi ko ɗaya ya ajiye gefe. Wannan ne ke kayar da sababbin shiga. Mutum zai tsara jadawali wayam, ya raɗa wa kanunsa suna tsaf, ya ɗora masa jerin lambobi, sai ya tarar da kanun sun koma irin su X1 da X2. Manhajar ba ta lalace ba; jadawalin ne ta jefar tare da sunayensa.

Masu amfani da pandas a harshen Python ma sun sha tasu. Kanun jadawali suna ɗauke da nau'in abin da zai zauna ƙarƙashinsu, ko lamba ko rubutu ko kwanan wata. A da, wajen haɗa jadawali, pandas kan yi biris da nau'in jadawalin da ya zo wayam, amma daga fitowa ta 2.1 a shekarar 2023 ta fara gargaɗin cewa hakan zai sauya.

Waɗannan da sauƙi, domin ido na ganinsu. Mai haɗarin shi ne abin da ya sami Yuli. Da yake bai kawo layi ba, sunansa ba ya cikin babban jadawalin. In an nemi matsakaicin adadi na kowane wata, kwamfuta za ta raba da goma sha ɗaya, alƙalumma su hau ba tare da wani gargaɗi ba. Shi ya sa gogaggu ke fara jera watannin duka, sannan su rubuta sifiri a gaban Yuli, bayan sun tabbatar cewa babu mai ƙyandar ne, ba rahoton ne ya maƙale a hanya ba.