Yadda Linzamin Kwamfuta Ke Maye Gurbin Madannai

Takardun da ke fitowa daga ofisoshin Sarkin Ruman Katsina, Hakimin Batsari, da Yariman Katsina, Hakimin Safana, yawancinsu yanzu da kwamfuta ake buga su. Amma madannan kwamfuta an shirya su ne domin Turanci, ba su da haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, gama ƙara daban, kara daban. Ƙasa daban, kasa daban. Takardar gona ko ta gado in ta fita da irin wannan kuskure, tana iya jawo gardama.

Maganin abin yana ga linzami, ɗan abin nan da ake ja bisa tebur, wanda wasu ke kira ɓera. Douglas Engelbart ne ya fara nuna shi ga jama'a a Amurka cikin 1968.

Hanya ta farko. Tun 1992 Windows ke zuwa da wani allon haruffa mai suna Character Map. Magatakarda ya buɗe shi, ya nemo harafin da yake so, ya taɓa shi da linzami, ya danna Select, sa'an nan Copy. Daga nan ya koma kan takardarsa, ya danna maɓallin dama na linzami, ya zaɓi Paste. Da haka Ɗanmusa da Ƙanƙara za su fito daidai.

Hanya ta biyu. In wani madanni ya mutu, akwai On-Screen Keyboard, watau hoton madannai bisa fuskar kwamfuta. Kowanne aka taɓa da linzami, kamar an danna shi ne da yatsa. Tsohuwar manhaja da ba ta aiki sai da madannai, ita ma yawanci tana karɓar wannan.

Sai dai a kula. Waɗansu tsofaffin manhajoji ba su san haruffa masu lanƙwasa ba, sukan mai da su alamar tambaya. In haka ta faru, sai a bi dabarar zamanin tafireta: a buga b ko d ko k, a sa musu lanƙwasa da alƙalami.

Ana roƙon Hakimai su umurci magatakardansu su karanta kowace takarda tukuna, kafin a buga mata hatimi.