Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa wanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba na iya fara fama da ƙwannafi da ciwon ƙirji bayan shekara biyar ko ma goma da yin aikin?

A tiyatar da aka fi yi a yau, ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, a bar shi siriri kamar ayaba. Matsi na ƙaruwa a cikinsa, sai ruwan tsami ya riƙa taso wa maƙoshi, musamman idan an kwanta da dare. Wani yakan farka da ɗaci a baki, ko tari, ko dushewar murya. Idan abin ya daɗe, yana iya sauya fatar cikin maƙoshi, wanda ke ƙara haɗarin ciwon daji.

Waɗanda aka haɗa musu tumbi da ƙaramin hanji kuwa, gyambo kan fito a wurin haɗin. Shan taba da magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac na ƙara wannan haɗari. Saurin ramewa ma kan haifar da tsakuwa a matsarmama.

Sabon ciwon ƙirji ba na jiƙon kanwa ba ne. Likita kan zura siririyar kyamara ta baki don gano musabbabin. Idan ciwon ya zo da gumi, sarƙewar numfashi, aman jini ko baƙin bayan gida, a garzaya asibiti nan take, domin yana iya zama ciwon zuciya ne ko zubar jini a ciki.