Gidan Badamasi da Sirrin Wasan Barkwanci

Wasan barkwanci na talabijin yakan tara mutanen da halinsu bai jitu ba a wuri guda, ya hana su mafita. A Amurka, tashar Fox ta nuna shirin Stacked daga 2005 zuwa 2006, inda Pamela Anderson ta fito a matsayin 'yar sharholiya da ta kama aiki a kantin littattafai. Bai daɗe ba aka dakatar da shi.

A Kano kuwa, gida ne dandalin, ba kanti ba. Gidan Badamasi, wanda Arewa24 ta fara haskawa a 2019, labarin wani dattijon attajiri ne mai maƙo da tarin 'ya'ya, kowanne ya zuba wa dukiyar ido. Falalu Ɗorayi ne ya ba da umarni. Duk magidancin Fagge ko Rijiyar Lemo ya san irin wannan gida, shi ya sa dariyar take da ɗan ɗaci.

Littafi ma bai yi nisa ba: marubucin shirin, Nazir Adam Salih, ya yi suna a ƙagaggun labaran Hausa, irin waɗanda ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari.