TATTABARUN IRI NA KASUWA: KO SUN CANCANCI KUƊIN MAI NEMAN CIN TSERE?

Daga Wakilinmu

RAN Lahadi 15 ga watan Nuwamba na 2020 aka rufe gwanjon wata tattabara mace mai shekara biyu a ƙasar Beljiyam, wadda ake kira New Kim. Da Yuro 200 aka buɗe tayinta, amma ba a sallama ba sai da wani attajiri daga ƙasar Sin ya kai ta Yuro 1,600,000. Kafin ita, a watan Maris na 2019, kamfanin gwanjon nan mai suna PIPA ya sayar da wani namiji da ake kira Armando a kan Yuro 1,252,000.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne ba don su yi tsere aka sayi waɗannan tsuntsaye ba. New Kim a shekarar 2018 kaɗai ta yi tsere, tana ƙarama, sa'an nan aka ajiye ta. Shi kuwa Armando shekarunsa sun kusa biyar sa'ad da aka sayar da shi, ya riga ya gama zamaninsa a sararin sama. Ƙwai da 'yan shila ake nema daga gare su, watau an saye su ne don iri.

Tun daga lokacin da labarin waɗannan kuɗi ya bazu, tallar tattabarun iri ta cika mujallun masu kiwo da dandalin intanet, kowane mai talla yana rantsuwa cewa tasa jikanyar zakara ce. To, tambayar da ke gaban mai ƙaramin ƙarfi ita ce: in ya ƙulle kuɗinsa ya sayi irin waɗannan, ko zai ga amfaninsu ranar tsere?

Sai mu fara da yadda wasan yake. Ba a jera tattabaru a layi kamar dawakin sukuwa. Masu kiwo kan kai tsuntsayensu ƙungiya, a zuba su cikin kwanduna, a ɗauke su a mota zuwa wani gari mai nisa, a sake su gaba ɗaya, kowace ta nufi ɗakin da ta tashi a ciki. Da yake nisan gidaje ya bambanta, akan raba nisan da tsuntsuwa ta yi da lokacin da ta ɗauka, wadda ta fi yawan mita a minti ɗaya ita ta ci. Akwai gajeren zango, kamar daga Quiévrain a kan iyakar Beljiyam da Faransa, akwai matsakaici kamar daga Bourges, akwai kuma dogo, wanda babbansa shi ne na Barsalona ta ƙasar Sifen, fiye da kilomita 1,000, da akan yi a farkon watan Yuli.

Wannan son gida da ke sa a ci tsere, shi ne kuma aibin farko na tattabarar da aka saya da girmanta. Duk wanda ya taɓa kiwo a Kano ko Zariya ya san sai an fige wa baƙuwar tattabara fiffike, ko a tsare ta har ta yi ƙwai, kafin ta zauna. Ta tsere kuwa ta wuce nan; tana iya yin shekaru a tsare, ran da ta sami ƙofa ta kama hanyar gidanta na fari. Saboda haka masu kiwo a Ingila suke kiran irin waɗannan fursunoni. Wanda ya sayi tattabarar iri ba zai taɓa gwada ta da kansa ba. Sai ya jira 'ya'yanta, ya hore su, ya kai su kwando, kuma kafin ya tabbatar da ko ya dace ko ya yi asara, shekara biyu ko uku sun shuɗe yana ciyarwa.

DON ME ZAI SAYAR?

A kasuwar dabbobi dattawa kan ce kafin ka duba haƙoran doki, ka bincika abin da ya raba shi da ubangijinsa. Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi a nan. Mutumin da ke da ma'aurata biyu masu haifa masa zakaru kowace shekara, ba ya rabuwa da su yana cikin wasa, ko nawa aka taya sai ya ce albarka. Abin da yakan fitar kasuwa kowace kaka shi ne waɗanda ya gwada shekara biyu ko uku bai ga komai ba, da waɗanda suka tsufa, da rarar da ta cika masa ɗaki.

In mai karatu ya lura da manyan cinikin da aka yi, zai ga yawancinsu a gwanjon rufe gida ne. Gaston Van de Wouwer, mai New Kim, yana da shekara 76 ya ajiye wasan, aka sa tsuntsayensa 445 a kasuwa gaba ɗaya. Haka Leo Heremans ya yi a 2013, ya sayar da guda 530, cikinsu har da Bolt wanda ya tashi a Yuro 310,000. A irin wannan gwanjo ne kaɗai mai kyau da maras kyau suke fitowa tare, domin mai su bai ɓoye kome a bayan ɗaki ba. Amma fa a nan ne kuma attajiran Sin da na Taiwan da na ƙasashen Larabawa suke zuba ido, har abin ya fi ƙarfin talaka.

Talakawan wasan ma raguwa suke yi a can inda aka haife shi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masu tseren tattabara a Beljiyam sun haura 250,000. A 2020 ba su wuce kimanin 18,000 ba. Masu wasa sun ragu, kuɗi ya ƙaru, sai kiwo don sayarwa ya zama sana'a mai zaman kanta, dabam da kiwo don tsere.

Daga nan ne gidajen hayayyafa suka samo ƙarfinsu. Tattabara ƙwai biyu takan yi, ta ƙyanƙyashe cikin kwana 18. Amma in aka ɗauke ƙwan aka sa wa waɗansu ma'aurata su kwanta a kai, uwar za ta sake yin wasu bayan kamar kwana goma. Da wannan dabara zakara guda yakan ba da 'ya'ya masu yawa a shekara, 'ya'yan nan kuma a tsare su su ma a yi ta hayayyafa da su, ba tare da ko ɗaya ya taɓa ganin kwando ba. Jikokin da tattaɓa-kunnen su ne ake yi wa hoto mai kyau a kawo wa mai saye.

TAKARDA BA TA TASHI SAMA

Kowace tattabarar tsere tana da zobe a ƙafa, wanda ake zura mata tana da kamar mako guda, ɗauke da alamar ƙasa da shekara da lamba, ba ya kuma fita bayan ƙafar ta girma. Zoben nan shaida ne na shekarunta da ƙasarta. Amma takardar salsala da ake haɗawa da ita, mai kiwon ne ya rubuta da hannunsa, kuma ba ta fi gaskiyar wanda ya rubuta ta ba. Ko da shi mai gaskiya ne, a ɗakin da ma'aurata da yawa suke sake, ba kullum ne mijin da ke kwanci yake zama uban ƙwan ba. Shi ya sa manyan gidajen gwanjo suka koma gwajin ƙwayar halitta ta DNA kafin su sa sunan uba. Wanda aka nemi ya biya kuɗi mai tsoka ba tare da wannan shaida ba, cinikin biri a sama ya yi.

A ce ma takardar gaskiya ce tsantsa. Ɗa rabin jinin ubansa yake ɗauka, jika kashi ɗaya cikin huɗu, in aka kai zuriya ta biyar saura kashi ɗaya cikin 32. Sunan 'yan'uwan nan Janssen na garin Arendonk yana kan takardu ba iyaka a duniya, alhali na ƙarshensu, Louis, ya rasu tun 2013, kuma tsuntsaye da yawa da ake sayarwa da sunan sun yi nisa da Arendonk kamar yadda Bahaushen Kumasi na yau ya yi nisa da Madugun da ya kai kakansa Gwanja.

Masu talla suna son karin maganar nan da ke cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Masu kiwo na gaskiya kuwa sun fi sanin ɗayar, watau albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ko ma'auratan da suka fi kowa suna, yawancin 'ya'yansu matsakaita ne, zakara jefi-jefi yake fitowa. Akwai zakarun da ba su taɓa haifar mai kama da su ba, akwai kuma tsuntsuwar da ba ta taɓa cin kome ba amma 'ya'yanta suka addabi gari. Ni dai a ganina, layi ɗaya a takarda mai cewa wannan tsuntsuwa ta haifi wance da ta zo ta kaza cikin tsuntsaye dubu kaza, a gari kaza, ran kaza, ya fi shafi guda na sunayen kakanni daraja. A kuma lura da yawan tsuntsayen da aka yi takara da su. Na ɗaya cikin 40 a ƙungiyar unguwa ba daidai yake da na goma cikin 10,000 ba, ko da yake a talla na farkon ne zai fi ƙara.

Duban hannu yana da nasa amfani, amma ba mai yawa ba. Gwani yakan riƙe tsuntsuwa ya ji laushin gashinta, da cikar tsokar ƙirji, da ƙarfin baya, ya buɗe fiffike ya duba. Da wannan ana gane maras lafiya da maras ƙira, ba a gane zakara. Akwai masu ɗaukar madubi su yi ta leƙen ƙwayar ido, suna cewa a nan sirrin iri yake. An daɗe ana gardama a kan wannan, kuma mutane da yawa da suka yi suna a tsere ba su kula da shi ko kaɗan.

Shekaru kuwa zobe ya riga ya faɗa. Mace in ta doshi shekara takwas zuwa goma ƙwanta yakan ja baya, namiji yakan ɗan fi ta daɗewa, sa'an nan a fara samun ƙwai marasa ɗa. Tsohon zakara mai araha sau da yawa sunansa kaɗai ya rage. Haka nan jinin gajeren zango dabam yake da na Barsalona, wanda yakan yi jinkirin nuna kansa har shekara biyu ko uku. Wanda ya saya bai san zangon da zai yi wasa a kai ba, zai zargi tsuntsu a kan laifin kansa.

ABIN DA KE SHIGOWA DA BAƘUWA

Asarar kuɗin saye ƙarama ce in aka gwada da asarar ɗaki. A farkon shekarun 1980 wata annoba ta ratsa ɗakunan tattabarun Turai, ta isa Ingila a 1983, dangin cutar Newcastle ce da ke share mana kaji da hunturu, tana sa zawo da murɗewar wuya. Tun daga nan allurar rigakafinta ta zama sharaɗin shiga tsere a ƙasashe da dama. Akwai kuma cutar da ke kumbura gaɓar fiffike tana kashe 'yan shila tun cikin ƙwai, wadda tsuntsuwa kan ɗauka a jikinta tana ci tana sha kamar lafiyayya, ga kuma mai sa wani abu rawaya kamar cuku a maƙogwaro. Baƙuwa ko daga gidan wa ta fito, sai a ware ta makonni, likitan dabbobi ya duba kashinta da maƙogwaronta, kafin ta sha ruwa a kasko ɗaya da 'yan gida.

Ga masu kiwonmu na nan gida, waɗanda yawancinsu don sha'awa da nama da ɗan ciniki suke yi, akwai ƙarin abin dubawa. Shigo da tsuntsu mai rai daga waje sai da izinin hukumar killace dabbobi da tsirrai ta Tarayya, kuma ba wanda ya manta ɓarnar da murar tsuntsaye ta yi tun da ta ɓulla a Jihar Kaduna a watan Fabrairu na 2006. Sa'an nan tattabarar tsere ba ta da wata daraja ta musamman in babu tsere. In babu ƙungiya, babu agogo, babu motar da za ta kai kwando Funtuwa ko Gusau a saki, to mai Yuro dubu da ta kasuwar ƙauye duk hatsi ɗaya za su ci, su zaga rufin gida su sauka.

Wanda ya ƙudura niyyar shiga wasan, hanyar da tsofaffin hannu suka fi nuna wa sabon shiga ba ta da tsada. Ya nemi mutumin da ke cin tsere yanzu, a zangon da shi ma yake so, a yanayi irin nasa, ya sayi 'yan shila masu kamar mako huɗu daga ɗakin da mutumin yake fitar da nasa 'yan tseren, ko kuwa 'yan ƙarshen shekara waɗanda akan bayar da rahusa. Waɗannan za su ɗauki gidansa a matsayin gida, zai hore su da kansa, kwando ya tace masa su. In ba shi da maƙwabci irin wannan, sai ya duba sakamakon gasar ɗaki ɗaya, irin wadda aka soma a Sun City ta Afirka ta Kudu a tsakiyar shekarun 1990, inda masu kiwo daga ƙasashe dabam dabam suke aika 'yan shilarsu wuri guda, abinci ɗaya, mai horo ɗaya, a sake su rana ɗaya. A can hannun mai kiwo ba ya ɓoye raunin jini.

Guda biyu ko uku da suka rage bayan shekara biyu suna dawowa a kan lokaci, su ne zai haɗa aure a ɗakinsa na iri. In daga baya ya ga bukatar sabon jini, a lokacin ya san abin da ɗakinsa ya rasa, sai ya sayi tsuntsuwa guda, ba kwando guda ba, ya kuma nemi a nuna masa sakamakon 'ya'yanta kafin a nuna masa hoton kakanta.