Me ya sa rana take saurin faɗuwa da kaka?

A ƙasar Dakoro, idan ruwan sama ya fara janyewa, gero ya nuna, manoma sukan ce rana ta yi gajarta. Mutum yana cikin ɗaurin dami, sai ya ji an kira sallar magariba. Wannan magana gaskiya ce, kuma ana iya auna ta da agogo.

A farkon watan Satumba, rana tana faɗuwa a Dakoro wajen ƙarfe 6 da minti 45 na yamma. A ƙarshen watan, tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 da minti 25. Idan watan Oktoba ya ƙare, ƙarfe 6 da minti 5 ne. Wajen ƙarshen Nuwamba kuwa, da ƙarfe 6 ta yi, rana ta kusa shigewa. Ke nan a cikin wata biyu manomi ya rasa minti 40 na hasken yamma, a daidai lokacin da aikin girbi ya fi yawa.

Ranar da dare da yini suke daidaita

Duniya tana zagaya rana sau ɗaya a shekara, kuma a karkace take tafiya, ba a miƙe ba. Malami yana iya nuna haka a aji. A soke lemo da tsinke, a ɗan karkata shi, a zagaya fitila da shi ba tare da an sauya karkatar ba. Za a ga wani lokaci saman lemon ya fi samun haske, wani lokaci kuma ƙasansa. Nijar tana ɓangaren sama, wato arewa. Shi ya sa wajen 21 ga Yuni yininmu yake kaiwa kusan awa 13, wajen 21 ga Disamba kuma ya koma awa 11 da kwata.

Tsakanin waɗannan biyu akwai 22 ko 23 ga Satumba. A ranar, yini da dare kusan awa 12 ne kowanne, a ko'ina cikin duniya, kuma rana tana fitowa daga gabas sak, ta faɗi yamma sak. Daga nan sai ta riƙa karkata kudu. A Turai, daga ranar ake ƙirga farkon kaka. Su abin ya fi shafa: a birnin Paris yini yana kai awa 16 a Yuni, ya koma awa 8 a Disamba. Mu muna kusa da tsakiyar duniya, bambancinmu bai kai awa 2 ba.

Da yamma ake asarar, ba da safe ba

Ga wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Duk cikin watan Satumba, fitowar rana a Dakoro ba ta gusawa, tana nan wajen ƙarfe 6 da minti 20 na safe. Kusan duk raguwar tana faɗawa a kan yamma.

Dalili shi ne rana da agogo ba kullum suke tafiya tare ba. Agogo yana tafiya bai ɗaya, amma lokacin da rana take tsayawa tsaka yana gusawa cikin shekara, saboda karkatar duniya da kuma hanyarta da ba da'ira cikakkiya ba ce. A farkon Satumba rana tana tsayawa tsaka wajen ƙarfe 12 da minti 33. A farkon Nuwamba, ƙarfe 12 da minti 17. Yinin gaba ɗaya ya matso gaba. Ladanin da yake duba inuwa ya san haka tun da daɗewa.

A kula kuma, bayan faɗuwar rana hasken da ya rage bai wuce na minti 20 zuwa 25 ba. Mai gona nesa da gari gara ya ɗora kayansa a amalanke tun da la'asar sakaliya, maimakon ya bi ciyawa cikin duhu, lokacin da macizai da kunamu suke yawo. Haka ma makiyayin da zai kai dabbobi rijiya. Ajin yaƙi da jahilci da ake yi da yamma ba fitila, ya kamata a matso da lokacinsa da rabin awa idan Oktoba ya kama.

Duk Nijar agogo ɗaya ne, amma rana ba ta faɗuwa lokaci ɗaya. Tana faɗuwa a Difa fiye da minti 20 kafin Dakoro, a Yamai kuma kusan minti 20 bayan Dakoro. Saboda haka lokacin magariba da aka faɗa a rediyo domin Yamai ba namu ba ne.

Mai koyon rubutu yana iya gwadawa da kansa. Kowace Juma'a ya tsaya wuri ɗaya, ya rubuta kwanan wata da lokacin da rana ta shige. Ya yi amfani da watannin Satumba da Oktoba, domin watannin Musulunci suna matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, ba su tsayawa a kan kaka.