Haƙorin Ɓera Da Hatsin Godiyar Kaka

Kowace shekara idan kaka ta yi, 'yan'uwa a ƙasar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, sukan kawo gero da wake da riɗi gaban Ubangiji don godiya. Akan jibge su a ɗakin ajiya na ikilisiya, domin fasto da gwauraye da marayu. Amma sau nawa muka buɗe ɗakin da bazara muka tarar buhuna sun huje, hatsi ya gauraye da kashin ɓera? Tun zamanin dā ake wannan kuka, domin Littafin Sama'ila na Fari, sura 6, ya ba da labarin Filistiyawa da suka ƙera siffofin ɓeraye biyar na zinariya saboda ɓarnar da ta auka wa ƙasarsu.

Makamin ɓera haƙoransa huɗu ne na gaba, biyu sama, biyu ƙasa. Ba sa daina tsiro har ya mutu, kimanin milimita 2 kowane mako. Fuskar haƙorin ta waje tana da tauri ƙwarai, bayansa kuwa da ɗan laushi, saboda haka yana gwaguya bayan yana cinyewa, baki yana fitowa da kaifi kamar na gizago. Wato aikin ɓarnar shi ne wasa makamin. Bayan waɗannan haƙora akwai giɓi kafin haƙoran tauna, kuma muƙamuƙinsa na ƙasa yana zamewa gaba idan zai gwaguya, ya koma baya idan zai tauna. Gafiya da kurege da beguwa da gyauji duk haka bakinsu yake. Jaba kuwa, da muke kashewa a banza, ba danginsu ba ce, ƙwari take ci.

Masana masu tono ƙasusuwan da suka zama dutse sun nuna wannan tsari ya daɗe. A Fayyum ta ƙasar Masar sun haƙo muƙamuƙan dangin gyauji waɗanda a lissafinsu sun haura shekara miliyan 30. Amma wanda ya fi ba mu mamaki daga Yurugwai yake, a Kudancin Amurka. A 2008 aka bayyana ƙoƙon kan wata dabba dangin ɓera da ta ƙare a duniya, aka sa mata suna Josephoartigasia monesi. Tsawon ƙoƙon kan kaɗai santimita 53 ne. Da fari an ƙiyasta nauyinta ya kai kilo 1,000, daga baya wani nazari na 2022 ya rage shi zuwa wajen rabin haka, wanda duk da haka ya kai na bijimin da za a yi alfahari da shi a kasuwar Alhamis ta Maigatari.

Dabbar ta mutu, to yaya za a san ƙarfin cizonta? Tsokar tauna takan bar gurbi a jikin ƙashi, girman gurbin kuma yana nuna girman tsokar. A 2015 Philip Cox na Jami'ar York a Ingila, da abokan aikinsa, suka gina siffar ƙoƙon kan a kwamfuta suka gwada. Suka samu cizonta na gaba ya yi kusa da na babbar damisar Asiya, haƙoran kuma za su iya jure ninki uku na wannan. Sai suka ce mai yiwuwa tana tonon saiwa da su, ko kare kanta, kamar yadda giwa take yi da haure.

Mu namu ɓeran ɗan mitsitsi ne, amma yana da rauni guda da ya kamata dattawan ikilisiya da zumuntar mata su sani. Haƙoransa sun lanƙwasa ciki, don haka sai ya sami gefe, ko tsaga, ko kusurwa kafin ya kafa baki. Santsin jikin durom na ƙarfe mai murfi ba ya ba shi wurin kamawa. Buhu kuwa, ko da mai leda biyu ne irin na PICS da ke kashe ƙwarin wake, a ɗora shi kan katako, nesa da bango, a share tsabar da ta zube. A liƙe ramuka da siminti, a sa gwangwani a gindin ƙofa.

Ba asarar hatsi kaɗai ba ce. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 bayan ya kashe ma'aikatan jinya biyu na mishan, Laura Wine da Charlotte Shaw, a asibitin mishan na Jos, yana yaɗuwa ta fitsari da kashin ɓera mai nonuwa da yawa. Hatsin da muka ga alamar ɓera a cikinsa kada mu auna wa gwauruwa a kwano don muna jin zafin zubarwa. Maganin ɓera na kasuwa kuma a ajiye shi inda yara da kaji ba sa kaiwa.